Ranar da Iska Ta Ƙare Mana a Hanyar Hatta

Tun da na dawo, ba a tashi taron zumuntar mata ba sai wata ta ja ni gefe ta ce, Maman Murna, yaya Dubai? Na ce lafiya, na ce akwai zafi, na ce benaye sai wuya ya yi ciwo kafin ido ya kai ƙarshensu. Babu wadda ta gamsu. Wata ma cewa ta yi kamar akwai abin da nake ɓoyewa, kuma da gaskiyarta. To ga labarin daga tushe, kowa ta huta, ni ma in huta.

Kun san Baban Murna ya daɗe a can. Bitrus ke nan, ga waɗanda ba su san shi da sunan 'yarsa ba. Yana aiki a wani gareji a unguwar Al Qusais, gyaran esi na manyan motoci, kuma da yake yana da lasin babbar mota, shi ake turawa ya kai wa mai mota motarsa idan an gama aiki. Ni kuwa ina nan Sabon Tasha da yara da aikin jinya a ƙaramin asibitinmu. Biza ta ba mu wuya har na cire rai, sai ga ta ta fito muna tsakiyar damina, su kuma can suna tsakiyar zafi. Baban Murna ya ce in bari sanyi ya shigo. Na ce wanda ya yi irin jiran da na yi ba ya zaɓen wata.

Daga Abuja muka tashi, muka yada zango a Addis Ababa, sannan muka sauka Dubai da safe. Filin jirginsu babu hayaniya, babu mai cewa kawo jakarki in taya ki. Layi ne kawai yake tafiya shiru kamar masu zuwa karɓar jibin Ubangiji a coci. Jami'in shige da fice, sanye da farar riga har ƙasa, ya sa na cire tabarau na kalli wata 'yar na'ura mai ɗaukar hoton ido. Na wuce nan lafiya, sai a wajen kaya aka tsayar da ni. Wata jami'a ta buɗe jakata, warin daddawa ya bugi hancinta, ta ja da baya. Sai ta ɗago ledar kuka, ta jujjuya koren garin nan, ta kira wani. Gabana ya faɗi, don kowa ya san abin da ake yi wa wanda aka kama da gari a ƙasar nan. Na yi ta cewa miya ce, ina kwatanta tuƙi da hannu. Suka tafi da ledar wani ɗaki, suka bar ni tsaye ina addu'a a zuci. Da suka dawo, matar ta ɗaure mini ledar da kyau, ta ce in tafi. Na fito na tarar da Baban Murna ya rame, ya yi furfura a gefen kunne, yana murmushi.

Masaukin ya ba ni mamaki. Gida ne na bene, amma an yanyanka falon da katako an yi ƙananan ɗakuna, kowa da ɗan akurkinsa, kicin ɗaya, banɗaki ɗaya, ana bin layi. Idan ka yi tari maƙwabcinka zai ce sannu. A cikin lif kuwa babu mai gaida wani, kowa idonsa a waya. Kwanakin farko na riƙa gaida mutane suna kallona kamar na tambaye su hanya, har na daina.

Wanda ya sa na saki jiki shi ne Malam Awudu, mutumin Gana ne daga zangon Kumasi, garejinsu ɗaya da Baban Murna, shi ke kula da birki da duk abin da ya shafi iska. Hausarsu ta Gana ba ta raba mace da namiji. Ranar farko ya ce mini, "Madam, ka zo lafiya? Ka ci abinci?" Na waiga ina neman wanda yake wa magana. Shi ya dafa mana wake da shinkafa irin nasu mai ja-ja, da yaji baƙi mai mai, ni kuma na rama da tuwo da miyar kukar da ta kusa kai ni kurkuku. Da safe kuwa shayi mai kauri ake saya a shagon Indiyawa da ke ƙasa, a haɗa da wata gurasa mai maiƙo. Na je kasuwar Al Sabkha sayen sautunku, na tarar da Hausa ta cika layi, Kanawa suna ciniki suna cewa yalla yalla, kalas, wato yi sauri, an gama, kamar a nan aka haife su.

Ana haka wata rana Baban Murna ya dawo da magana. Akwai wani Balarabe, Abu Salim, mai wata mota da suke kira karafan. Girmanta kamar doguwar bas, amma cikinta gida ne: gado, kicin, banɗaki, firji, kujeru. An gama mata gyaran esi a garejinsu. Mahaifiyar mutumin tsohuwa ce, ta karye a ƙugu an yi mata aiki, ba ta iya zama sai kwanciya, kuma ta kafe sai an kai ta gonarsu ta dabino a Hatta, can cikin duwatsu, yanzu da dabino ke nuna. Ta ce ba ta da tabbacin ganin wata kakar. Baban Murna ne zai tuƙa. Mai kula da ita kuma zazzaɓi ya kwantar, shi ne Abu Salim, da ya ji matar direba ma'aikaciyar jinya ce, ya roƙa ko zan raka su in zauna da ita. Na ce mene ne a ciki, ga yawon buɗe ido kyauta.

Da sassafe muka ɗauke su. Kafin mu tashi, Baban Murna ya tada injin ya zauna yana kallon wani agogo mai allurai biyu. Na ce me muke jira? Ya ce iska. Ya bayyana mini cewa birkin irin wannan mota da iska yake aiki kamar na tirela, kuma jikin motar gaba ɗaya a kan wasu jakunkunan roba yake zaune, masu kama da ganguna, su ma iska ke cika su. Kwamfuresa ke hura tankuna, idan sun cika sai ka ji motar ta yi kamar atishawa. Idan kuwa iska ta yi ƙasa ƙwarai, birkin baya zai kame da kansa, ko a ina kake, ko a tsakiyar titi ne. Ina jin sa ne kawai da kunne ɗaya. Motar ta yi atishawarta, muka kama hanya.

Tsohuwar, Yumma ɗanta ke kiran ta, wato Inna a bakinsu. 'Yar ƙarama ce, hannunta da lalle kamar na tsofaffinmu, fuskarta da wani abin rufi mai ƙyalli kamar tagulla, ido kawai ke waje. Tana kwance a gadon da ke can ƙarshen motar, ni ina zaune kusa da ita. Ba ta jin Turanci, ba na jin Larabci. Ba mu yi nisa ba ta ce mini, "Mai, mai." Na tashi na buɗe jakarta na ɗauko man shafawa na fara murza mata ƙafa. Ta bar ni na gama tas, sannan ta nuna gorar ruwa. Ashe a bakinsu mai ruwa ne. Ta yi dariya har abin fuskarta na rawa, daga nan muka zama ƙawaye.

Hanyar da ta miƙe zuwa Hatta tana ratsa wani yanki na ƙasar Oman, baƙi irinmu kuma ba sa wucewa ta nan, don haka muka zaga ta ƙasar Sharjah. Muka bar benaye, muka shiga yashi ja, daga baya duwatsu suka fara, baƙaƙe, babu ko ciyawa. Rana ta ɗaga.

Ni na fara lura. Gorar ruwan da na ajiye a ƙasa ta gangara ta bugi bangon hagu. Na mayar da ita, ta sake gangarawa. Sai na ga Yumma tana zamewa a hankali zuwa gefe ɗaya, tana cije leɓe saboda ƙugunta. Na sa mata filo, na taka zuwa gaba ina dafa bango, na ce wa Baban Murna bayan motar ya karkace. Bai juyo ba. Ya ce ya gani, in koma in riƙe ta da kyau. Muryarsa ce ta tsorata ni, don ta yi sanyi fiye da kima. Na leƙa agogon nan na ga alluran sun bar inda suke da safe, suna yin ƙasa. Ya ce wa Abu Salim da Turanci cewa tun ɗazu bai ji motar ta yi atishawa ba.

A daidai nan hanya ta fara gangara, doguwar gangara mai kwana-kwana. Dama dutse, hagu shingen ƙarfe, babu wurin rakuɓewa. Ta tagar baya ina ganin wata tifa shaƙe da duwatsu tana bin mu kusa-kusa, har ina ganin gemun direban. Baban Murna ya sauke giya, injin ya hau gurnani. Ya kunna fitilun gargaɗi. Yana taka birki sau ɗaya, ya daɗe kafin ya sake, don kowane taki iska ce ke tafiya. Sai wata ƙara ta tashi a gaban motar, siririya mai shiga ƙwaƙwalwa, ba ta tsayawa. Abu Salim ya fara salati. Na kwanta rabi a kan gadon na rungume Yumma, kaina a kafaɗarta, ina karanta abin da ya zo bakina daga Zabura. Abin da ke raina shi ne, idan birkin nan ya kame yanzu, tifar nan ta inda muke kwance za ta shigo.

Ban san iya nisan da muka yi a haka ba. Na dai ji tayoyi sun sauka kan tsakuwa, motar ta yi tangal-tangal, sannan wani abu ya yi tau a gaba, ta tsaya cak har kwanuka suka zube a kicin. Tifar ta wuce da ham mai tsawo. Wani ɗan fili ne a bakin kwari, inda manyan motoci ke juyawa. Maɓallin birkin ajiye mota mai ruwan ɗorawa da ke gaban direba ne ya fito da kansa, birkin baya ya kame, daidai lokacin da muka gama barin kwalta.

Baban Murna ya sauka ya sa duwatsu waigi a tayoyi. Abu Salim ya hau waya. Motar ja mai iya ɗaukar irin wannan sai daga Dubai, ba kuma nan kusa ba. Ƙanensa na iya zuwa daga gona da jif, amma Yumma ba za ta iya shiga ba. Saura motar asibiti. Da ya faɗa mata, ta ɗaga yatsa ta ce la, wato a'a. Ta yi magana mai tsawo, ya fassara mana a gajarce: motar asibiti asibiti take kai mutum, idan ta koma can ba za su sake barin ta ta fito ba. Ya kalle ni. Na taɓa wuyanta, na duba harshenta, na ce muddin akwai sanyi a ɗakin kuma tana shan ruwa za ta iya jira. Amma idan na ga ta daina gumi ko ta fara rikicewa, ba shawara zan kawo ba, waya zai buga. Ya ce ya yarda.

A nan matsalar take. Baban Murna ya kira Malam Awudu ya sa wayar a bayyane, shi kuma ya ce abu na farko shi ne a tada injin a tara iska iya yadda za ta taru, a kashe komai, a saurara. Komai ya haɗa da janaretan da ke ba esi wuta. Aka kashe. Shiru ya sauka, zafi kuma ya fara shigowa ta bango kamar an buɗe murfin tukunya. Na jiƙa tawul na ɗora wa Yumma a goshi da wuya, ina yi mata fifita da murfin kwali. A waje su biyun suna zagaya motar a sunkuye. Ana jin tsiii a wani wuri, amma iskar kwarin da manyan motocin da ke wucewa suna ɗauke sautin.

Awudu ya ce a fara da tankuna, a ja igiyoyin zubar da ruwa, don zafin ƙasar nan mai laima ne, ruwa na taruwa. Baban Murna ya ja, wani baƙin ruwa mai maiƙo ya feso masa a wando. Ɗaya daga cikin bawul ɗin ya ƙi komawa, ya kama huci. Muka ce alhamdu, an gano. Ya ƙwanƙwasa shi da sufana har ya rufe, aka tada injin, aka kunna esi, Yumma ta numfasa. Alluran suka hau rabin hanya suka tsaya, ana kashe injin suka fara sauka kamar da. Ashe ɓarnar da muka gyara mu muka yi ta. Ana cikin haka wayar ta yi zafi ta mutu a hannun Abu Salim. Sai cikin firji muka sa ta, kusa da madarar Yumma, muka tsaya muna kallon juna har ta farfaɗo.

Da Awudu ya dawo kan layi ya ce a sa hannu a ƙarƙashin abin da ke busar da iska, wanda ke yin atishawar nan, a ji ko yana huci. Ba ya yi. Sai ya ce, "Madam yana nan? Ya zauna kujerar direba." Na zauna. Aka ƙara waigi, aka tara iska, aka tura maɓallin birkin ciki aka riƙe, aka kashe injin. Ya ce in kalli yadda allura ke sauka, sannan in taka birki da ƙarfi in riƙe, in gaya masa ko saurinta ya ƙaru. Na taka na riƙe. Allurar ta yi ɗan tsalle ƙasa, sannan ta ci gaba da sauka yadda take yi tun farko. Awudu ya ce to birkin kansa lafiya lau yake, ta wajen jakunkunan nan iska ke gudu, a gefen da ya karkace. Ya ce akwai wani bawul da aikinsa shi ne ya rufe ya kare iskar birki idan haka ta faru, da alama ya tsufa ya maƙale a buɗe.

Baban Murna ya cire riga zai shiga ƙarƙashi. Ban taɓa jin Awudu ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya ce, "Bitrus, kada ka shiga. Mota da ke zaune kan iska, idan iska ya tafi, kanka zai zauna. Na wanke gawar mutum a kan wannan." Ya ce a sauke ƙafafun jak na motar, amma kada a yarda da su su kaɗai, a jera duwatsu masu faɗi a ƙarƙashin ƙarfen gindinta har su kusa taɓawa.

Suka shiga kwarin neman duwatsu. Abu Salim ya naɗe farar rigarsa ya ɗaure a ƙugu, yana ɗauko dutse a ƙirji, duwatsun kuma sun yi zafin da sai da tsumma ake taɓa su. Wani direban tirela mai jan gemu ya tsaya ba wanda ya kira shi. Ya ba mu ruwa mai sanyi, ya taya su jera duwatsun, ya kwance akwatin kayan aikinsa ya bar wa Baban Murna wata filaya mai kulle kanta, ya ce kayansa na jira, ya tafi. Ko sunansa ba mu tambaya ba.

Na haɗa ruwan sabulun wanke-wanke a gora, na huda murfin. Aka tara iska, aka kashe injin da janareta, don hayaƙinsa ƙarƙashin motar yake bugawa. Abu Salim ya shimfiɗa dardumar falon a kan tsakuwa, Baban Murna ya kwanta da baya ya ja jiki ya shige, sai ƙafafunsa kawai nake gani. Na rasa inda zan tsaya. In na shiga wurin Yumma hankalina na waje, in na fito hankalina na ciki. Numfashinta ya fara sauri, amma goshinta da sauran danshi. Ina ba ta ruwa da cokali, ta kama wuyan hannuna ta nuna mini ƙofa, wato in je wurin mijina.

Ina fitowa na ji ya ce ya gani. Wani siririn tiyo ne na roba mai kai iska gefen hagu. Abin da ke riƙe shi ya karye, ya sauko ya kwanta kusa da salansa, zafi ya narkar da shi ya huda. Ya ce kumfa na tashi a wurin kamar ana wanki. Bai rufe baki ba na ji wani sauti daga ƙasa, ƙurrr. Ƙafar jak ta baya ce ta nutse cikin tsakuwa. Da idona na ga jikin motar nan, mai girman gida, ya yi ƙasa. Ya sauka a kan duwatsun da aka jera, na saman ya yi ƙara, ƙura ta fito, gefensa ya ɓantare ya faɗo. Ƙafafun Baban Murna ba su motsa ba.

Na durƙusa a tsakuwar nan mai zafi ban ji zafinta ba. Na kira shi da sunan da ban taɓa kiran sa da shi a gaban mutane ba. Na ce, "Bitrus."

Ya ce, "Ina nan. Miƙo mini filayar."

Na ce ya fito. Abu Salim ma ya kama idon sawunsa zai ja. Baban Murna ya ce a sake shi, duwatsun sun riƙe, kuma idan ya fito yanzu ba zai iya sake shiga ba. Na tura masa filayar da hannuna, na ga tsakanin ƙirjinsa da ƙarfen bai fi tafin hannu ba. Babu abin haɗa tiyo a motar, don haka abin da Awudu ya ce shi ya yi: ya lanƙwasa tiyon ta sama da hujin, ya matse da filaya ya kulle, ya ɗaure ta da waya a jikin ƙarfe nesa da salansa. Sannan ya jawo jiki ya fito a hankali, bayansa duk ya kurje, damtsensa da doguwar ƙuna.

Aka tada injin, aka kunna esi. Mu uku muka tsaya a kan agogon nan. Alluran suka hau, suka wuce inda suke tsayawa ɗazu, suka ci gaba. Da motar ta yi atishawa, Abu Salim ya zauna a ƙasa ya rufe fuskarsa da hannu. Aka kashe injin don a gwada, alluran suka tsaya cak.

Sai dai Awudu ya gargaɗe mu cewa birki ya dawo, amma gefen hagu na baya babu iska ko kaɗan, ƙarfe ne a kan roba, kowane ɗan tudu za a ji shi. Kuma a nan gadon Yumma yake. Muka ɗauko katifar da ita a kai, mu uku, muka shimfiɗa a tsakiyar motar, na tattaro duk filo da matashin kujera na kewaye ƙugunta, na zauna na tokare ta da gwiwoyina. Baban Murna ya ja motar kamar mai rakiyar amarya, fitilun gargaɗi a kunne, motoci na wuce mu. Duk inda taya ta taka gaɓar kwalta sai Yumma ta matse hannuna, farcenta har ya bar mini shaida, amma ko sau ɗaya ba ta ce a tsaya ba.

La'asar ta yi kafin mu shiga gonar. 'Ya'yanta da jikokinta suna bakin ƙofa. Suka ɗauke ta da katifar, za su yi cikin gida ta ce la, sai ƙarƙashin bishiyoyin. Aka ajiye ta a inuwa kusa da magudanar ruwa, aka tsinko mata dabino. Ba irin busasshen da muka sani ba ne, wannan rabinsa rawaya rabinsa ya yi laushi kamar zuma. Ta ci ɗaya, ta sa mini ɗaya a baki da hannunta. Sannan ta ce a kira direba. Matan suka ja mayafi, aka shigo da Baban Murna yana sunkuyar da kai. Ta kama damtsensa ta duba ƙunar, ta yi wa ɗanta faɗa mai yawa, ta sa aka kawo zuma na shafa masa. Na tambayi Abu Salim me ta ce a ƙarshe. Ya ce ta ce Allah ya tsare shi, amma tuƙinsa akwai jijjiga.

A gonar muka kwana. Sun ba mu shinkafa da naman akuya a babban faranti, da gahawa mai ɗaci a 'yan ƙananan kofuna, wadda ba a daina zuba maka sai ka girgiza kofin. Washegari Malam Awudu ya zo da sabon tiyo da bawul da jakai na ƙarfe masu kyau, suka gyara motar yadda ya kamata, muka koma Dubai lafiya. Yumma ta zauna a gonarta har aka gama tsinkar dabino.

Amma a yammacin ranar da muka isa gonar, bayan an watse, na nemi Baban Murna ban gan shi ba. Na zaga na same shi a bayan tankin ruwa, zaune a kan bulo shi kaɗai. Wani ya kawo masa shayi ya ajiye a gabansa, bai taɓa ba. Da na matsa kusa na ga dalili. Hannuwansa rawa suke yi, duka biyun, ya matse su tsakanin gwiwoyi sun ƙi tsayawa. Mutumin da ya sauko da motar nan daga kan dutse bai ko ɗaga murya ba, yanzu kofi ya gagare shi. Na zauna kusa da shi na ɗauki kofin.

Ya ce, "Maman Murna, da dutsen nan ya fashe fa."

Na ce, "Bai fashe ba. Buɗe baki ka sha."

Na riƙe masa kofin har ya shanye.